Littafin Bashin Baba da Fom ɗin Banki

Mahaifina ɗan kasuwa ne. Shadda da yadi da atamfa yake sayarwa a Babbar Kasuwar Sakkwato tun kafin a haife ni, kuma ni ne babban ɗansa namiji. Tun ina aji huɗu a firamare, in an tashi makaranta, shago nake wucewa da jakata a baya. A can na koyi lissafi kafin a koya mini shi a allo: kuɗin yadi biyar, kuɗin turmi uku, nawa ne canjin mai kaya. Baba yana da wani babban littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa ƙarƙashin teburi. A ciki yake rubuta wanda ya karɓi kaya bashi da kuma abin da iyayen gidansa na Kantin Kwari a Kano suke bin sa. Wani wurin da boko, wani wurin da ajami. Ba ya barin kowa ya taɓa littafin nan, har ni, sai da na shiga sakandare.

Na karanta ilimin tattalin arziki a jami'a. Sai da na kai aji uku sannan na san akwai wani banki da ba shi da kanta, ba shi da layin masu cire kuɗi, ba ya buɗe wa kowa asusun ajiya. Wani malaminmu ne ya kawo misalin a aji, kuma da abin da ke bayan gidanmu ya kawo shi. Ya ce mu dubi kamfanin siminti na Kalambaina, wanda duk ɗan Sakkwato ya tashi yana ganin tirelolinsa. An haɗe shi da wani kamfanin siminti na Obu a jihar Edo, suka zama BUA Cement, aka sa hannayen jarinsa a kasuwar hannun jari ta Legas a watan Janairun 2020. Ya tambaye mu: wa ya zauna ya ƙiyasta darajar kowane kamfani? Wa ya lissafa hannun jari nawa na sabon kamfani za a ba wanda yake riƙe da na tsohon? Wa ya shirya takardun da hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwar hannun jari, za ta duba ta amince? Ya ce wannan shi ne aikin bankin zuba jari: taimaka wa kamfanoni da gwamnatoci su tara kuɗi ta hanyar sayar da hannun jari ko takardun lamuni, da ba da shawara in kamfani zai sayi wani ko za su haɗe. Tun ranar abin ya shiga raina. Ban san kowa da ke wannan aiki ba, a danginmu ko a unguwarmu, amma na ji shi nake so.

Shekarar 2020 ta tafi a zaune. Ga korona, ga yajin aikin malaman jami'o'i da ya ɗauki kusan wata tara. Muna murnar za a koma karatu ke nan, sai ranar Talata 19 ga Janairun 2021 wuta ta kama kasuwa.

Lokacin hunturu ne, iska tana kaɗawa, komai a bushe. Ina gida aka kira ni. Tun daga nesa na hango hayaƙi ya rufe sama, mutane suna gudu, wasu da kaya a ka, wasu hannu biyu a kai. Na samu Baba a tsaye a bakin hanya, hularsa a hannu, ba ya cewa komai sai Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba a bar mu mun isa layinmu ba sai da wuta ta gama abin da za ta yi. Da muka shiga, babu abin da ya rage sai kwanon rufi da ya lanƙwashe da toka mai zafi. Bai daɗe da sarin sabon kaya ba, yawancinsu kuma bashi ne. Littafin nan mai baƙin bango ya tafi tare da su.

Bayan kwana uku hawan jinin Baba ya tashi, aka kwantar da shi. Da aka sallamo shi ya koma wani mutum daban: ba ya son fita, ba ya son amsa waya, in ya ga lambar Kano sai ya kife wayar. Mutum ne da bai taɓa cin kuɗin kowa ba, ga shi ana bin sa kuɗin da bai ma san iyakarsu ba, shi kuma yana bin mutanen da babu wata shaida a kansu. Wata safiya Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai ne babba. Ka ɗauki wayar nan ka amsa mutane."

Ina da shekara 22 a lokacin.

Zan ɗan tsaya a kan abin da na yi a watannin nan, domin shi ne abin da daga baya na shafe fiye da shekara ina ɓoyewa. Abu na farko, na gane ba zan iya magana da kowa ba sai na san nawa ne. Na zauna da wayar Baba na bi saƙonnin banki na shekara guda, ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta kuɗin da ya shiga da wanda ya fita da sunan wanda ya turo. Na zauna da yaron shagonmu, wanda Allah ya hore wa riƙe abu a ka, yana faɗa mini wane tela ya karɓi shadda nawa, wace dillaliya ta ɗauki atamfa turmi nawa. Na je tasha wurin direbobin da ke kawo mana kaya daga Kano, wasu suna da kwafin takardun dila. Na zuba komai a Excel a wata tsohuwar kwamfuta da nake aikin makaranta da ita. Sai da na yi mako biyar. Abin da ya fito: mutum huɗu a Kwari suna bin mu naira miliyan 11 da 'yan kai, mu kuma muna bin mutum 47 kusan miliyan 6, wasu a cikin gari, wasu a Gwadabawa da Illela, har da biyu a Ƙwanni.

Sannan na shiga mota zuwa Kano. Wanda ya bi hanyar Talatar Mafara da Gusau da Tsafe a shekarar nan ya san da irin addu'ar da ake shiga mota. Na je da takarda guda ɗaya ga kowane Alhaji: ga abin da muke ganin kana bin mu, ka duba naka littafin, in akwai saɓani naka ne gaskiya. A wurin mutum biyu lissafinmu ya zo daidai, a wurin ɗaya namu ya gaza da dubu 340, na karɓi nasa ban yi musu ba. Sannan na roƙi abin da ni kaina na ji nauyin faɗarsa: su ɗaga mana ƙafa, kuma su ƙara mana kaya. Na ce, "Alhaji, in babu kaya a hannunmu babu inda kuɗinka zai fito. Ka ba mu kaɗan kafin azumi, mu sayar a kakar Sallah, kuɗin sabon kaya ya dawo maka duka, ribar kuma mu riƙa rage tsohon bashi da ita." Na nuna masa a rubuce abin da za mu iya biya a watannin da kasuwa ke kwance, da abin da za mu biya bayan Ƙaramar Sallah a watan Mayu da Babbar Sallah a watan Yuli. Uku suka yarda. Ɗayansu dattijo ne, ya daɗe yana duban takardar, sannan ya karanto mini ayar da ke cikin Suratul Baƙara wadda ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa har ya samu sauƙi. Na huɗun bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma ana bin sa. Sai da Inna ta sayar da filinta na gado aka sallame shi.

Na yi babban kuskure a lissafin nan. Na ɗauka mutanen da muke bi za su biya aƙalla kashi 80 cikin 100 a shekarar farko, a kan haka na yi wa mutanen Kano alkawari. Abin da ya shigo bai kai rabi ba. Wasu su ma wutar ta cinye su, wasu da suka ji littafi ya ƙone suka ce ba su tuna da wani bashi ba. Biyan watan Satumba ya gagara. Na kwana biyu ina tunanin in yi shiru ko Allah zai kawo wani abu, sai na ga shirun shi ne zai kashe amanar da ta rage mana. Na kira su tun ranar biya ba ta zo ba, na ce na yi kuskure a lissafi, ga sabon jadawali. Ba su ji daɗi ba, amma ba su janye ba.

Duk wannan ina zuwa aji, ina rubuta aikin kammala digiri. Na fita da digiri mai daraja ta biyu babba, da ƙyar, maki kaɗan ya raba ni da faɗawa ƙasa. Na tafi bautar ƙasa, aka tura ni koyar da lissafi a wata makarantar ƙauye a yankin tsakiyar ƙasar nan. Daga alawus ɗin dubu 33 nake sayen data in cike fom ɗin neman aiki.

A nan ne na haɗu da tambayar. Kusan kowane fom na masu ɗaukar sababbin ma'aikata yana da ita, da kalmomi daban amma ma'ana ɗaya: ba mu labarin wani ƙalubale da ka fuskanta da yadda ka shawo kansa. Ga akwati a ƙasa, an ce kada ka wuce kalmomi 250 ko 300.

Wallahi ko sau ɗaya gobarar ba ta zo mini a matsayin amsa ba. A gidanmu an koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Bashin mahaifinka ba abin kaiwa gaban baƙi ba ne, balle a rubuta shi da Turanci a tura wa mutanen Legas. Rufin asiri shi ne abin da muke roƙon Allah kullum bayan salla, ta yaya zan ɗauki asirin gidanmu in yi tallar kaina da shi? Ga kuma wani abu na biyu: mun tashi muna jin cewa yabon kai jahilci ne. Ɗan gidan mutunci ba ya cewa "ni na yi", sai dai "mun yi" ko "Allah ya sa aka yi". Na uku, wanda ya fi ciwo, shi ne ina ganin labarin kasuwa da telaye da dillalai bai dace da irin waɗannan ofisoshi na Victoria Island da Ikoyi ba. Na raina abin da na fito daga cikinsa.

Sai na shiga intanet na nemi yadda wasu suke amsawa. Yawancin misalan na ɗaliban Ingila da Amurka ne: wani ya jagoranci ƙungiyar wasa, wani ya tara kuɗin agaji, da yawa kuma sun ba da labarin aikin rukuni a jami'a inda ɗaya ya ƙi yin nasa. Na ɗauki wannan na ƙarshe. Mun taɓa yin aikin rukuni a aji uku, an kuma samu wanda bai zo taro ba, amma abin bai kai ya kawo ba. Na hura shi, na ƙara masa gishiri, na cika shi da manyan kalmomi irin su jagoranci da juriya da haɗin kai. Na tura shi wuri goma sha ɗaya cikin shekarar 2023.

Jarrabawar lissafi da ta fahimta da ake yi a kwamfuta ba ta taɓa ba ni wahala ba, nakan wuce. Bayan nan ne ake yin shiru, ko a turo saƙon ban haƙuri. Sau ɗaya na kai ga intabiyu ta bidiyo. Wata mata ce da wani mutum, fom ɗina yana gabansu. Matar ta ce in ƙara bayani kan labarin rukunin. Na maimaita abin da na haddace. Ta ce, "Me ka faɗa masa daidai da ka same shi?" Na ƙirƙiro wani abu. Ta ce, "Da bai canza ba, me za ku rasa?" Na yi shiru, domin gaskiyar ita ce ba abin da za mu rasa. Na ga ta rubuta wani abu ta wuce tambaya ta gaba, kuma tun a lokacin na san an gama. Da na kashe kwamfutar na daɗe a zaune. Rashin aikin bai dame ni kamar yadda ƙaryar ta dame ni ba. Ni da na tsaya gaban mutanen da ke bin mu miliyoyi na faɗa musu gaskiya mai ɗaci, yau ga ni ina ƙaga magana saboda albashi.

Lokaci kuma yana tafiya. Da yawa daga cikin waɗannan guraben suna da iyakar shekaru, galibi 26 ko 27, kuma yajin aiki ya riga ya ci mini shekara. Na gama bautar ƙasa na dawo Sakkwato, na koma zama a ɗan shagon da Baba ya samu. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka, darajar naira ta faɗi, shadda ta yi tsadar da mai sayen yadi goma ya koma biyar. Nakan zauna tun safe har la'asar ban yi ciniki uku ba. Abokan karatuna wasu sun samu koyarwa, wasu sun kama POS. Na fara gaya wa kaina cewa wannan aiki ba na irinmu ba ne.

Wanda ya juya ni wani yayan abokina ne da ke aiki a wani kamfanin hada-hadar kuɗi a Abuja. Ya zo gida hutun ƙarshen shekara, na kai masa takarduna ya duba. Ya karanta amsar rukunin, ya ajiye, ya ce ya ga irinta ta fi ɗari. Sannan ya ce, "Ba kai ne ka je Kano bayan gobara ba? Ƙanena ya ba ni labari." Na ce ni ne, Yaya, amma wannan ai maganar gida ce. Ya ce in ba shi labarin tun daga farko. Na yi kusan minti arba'in ina magana, yana tsayar da ni yana tambaya: nawa ne, mutum nawa, me ya sa ka nemi ƙarin kaya, me ka yi da biyan ya gagara. Ban yi tuntuɓe a ko ɗaya ba, domin duk abin da ya tambaya na rayu a cikinsa.

Da na gama ya ce abin da na yi yana da suna a wurinsu: sake tsara biyan bashi. Kamfanoni suna biyan kuɗi mai yawa a yi musu shi. Sake gina lissafi daga saƙonnin banki, hasashen kuɗin da zai shigo wata-wata, zama da masu bin bashi, komawa a gyara in hasashe ya saɓa, duk aikin ofishinsu ne, sai dai nasu da sifili da yawa a baya. Ya kuma bayyana mini dalilin tambayar, wanda ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. Ƙaramin ma'aikaci a bankin zuba jari yakan kai tsakar dare a kan lissafi guda. Wata rana zai gano ya yi kuskure a adadin da an riga an tura wa babban mutum. Abin da suke son sani tun kafin su ɗauke ka shi ne: a ranar nan za ka ɓoye, za ka rushe, ko za ka ɗaga waya ka faɗa? Ba hawaye suke nema ba, ba su kuma neman wanda ya fi kowa shan wahala. Ya ce kashi mafi tsoka na amsar ya tafi kan abin da na aikata da hannuna: jimla biyu ko uku kan halin da aka shiga, ɗaya kan nauyin da ya hau kaina, sauran kan matakan da na bi da abin da ya fito, da adadi. Ya ce kada in cire kuskuren kashi 80, domin shi ne ya fi komai daraja a labarin.

Na ce masa ba zan iya ba sai na tambayi Baba.

Na yi kwana huɗu ina juya yadda zan fara. Bayan sallar isha'i na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mi za su yi da labarin wutarmu?" Na bayyana masa iya yadda zan iya. Na karanta masa abin da na rubuta, ina mayarwa da Hausa jimla-jimla. A daftarin nan ko'ina "mun" na sa: mun tattara, mun je, mun roƙa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Wa da wa kunka tai Kano? Ni ina kwance. Abin da kay yi, kai kay yi shi. Hwaɗin gaskiya ba yabon kai ba na." Ya kafa mini sharaɗi biyu: kada in ambaci sunan kowa, ko wanda ya yi mana lamuni ko wanda ya ci kuɗinmu, kuma kada in rubuta cewa mutane sun musanta bashi. In ce kawai abin da ya shigo bai kai yadda na zata ba. Ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma bai san halin da ya sa su ba.

Ya kuma yi mini tambayar da na san tana nan tafe, ta riba, wato kuɗin ruwa. Ban yi masa ƙarya ba. Na ce akwai ɓangarorin aikin da ruwa ke ciki, akwai kuma na hannun jari da ba da shawara, akwai sukuk, wato takardun tara kuɗi na tsarin Musulunci da babu ruwa a ciki, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017 na naira biliyan 100 aka yi hanyoyi da shi, kuma irin waɗannan kamfanoni ne suke shirya shi. Ya ce in je in tambayi malaminsa, in kuma riƙa tambayar zuciyata. Na je, kuma har yau ina tambayarta.

Sai da na sake rubuta amsar sau tara. Matse shekara guda ta rayuwa cikin kalmomi 300 ba ƙaramin aiki ba ne. Gobarar da ta cinye mana komai ta samu jimla ɗaya. Rashin lafiyar Baba ya samu rabin jimla. Filin Inna na sa shi na cire, na sa na cire, daga ƙarshe na bar shi a waje, domin nata ne, ba nawa ba. Hayaƙin, da hular Baba a hannu, da tsoron hanyar Tsafe, duk ba su shiga ba, kuma na ji zafin cire su. Abin da ya rage ƙashi ne zalla: ga bashi, ga yadda na gano adadinsa, ga abin da na nema, uku cikin huɗu sun yarda, ga inda hasashena ya karye da yadda na sanar tun da wuri, ga abin da aka biya zuwa yanzu. Na rufe da cewa tun daga lokacin ba na yin hasashe guda, sai na yi uku: in abu ya yi kyau, in ya tsaya tsaka-tsaki, in ya ɓaci, kuma a kan na ukun nake yin alkawari.

A watan Maris na 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jarinsu, manyan da ke da lasisin ƙasa da ƙasa su kai naira biliyan 500 kafin ƙarshen Maris na 2026. Wannan ya buɗe aiki sosai ga kamfanonin da ke shirya sayar da hannun jari, suka shiga neman hannu. Na tura sabuwar amsar wuri huɗu. Biyu ba su amsa ba. Biyu suka kira ni.

Na hau motar dare zuwa Legas, kusan kwana guda a hanya, da kwat ɗin aro a cikin leda. A ɗakin intabiyu mutum uku ne. Babbansu ya ɗaga fom ɗina ya ce, "Me ya sa mai bin ku bashi zai ƙara muku kaya?" Na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Na ce saboda shago marar kaya ba ya biyan bashi, kuma na nuna masa a rubuce cewa kuɗin sabon kayan ba zai gauraya da tsohon ba. Ya ce wane tabbaci na ba shi. Na ce babu, sai shekara ashirin da ya yi yana hulɗa da mahaifina. Ya tambayi yadda na kai ga kashi 80, na ce zato ne na ɗora a kan halin mutane kafin wuta, ban lissafa cewa su ma wutar ta taɓa su ba. Mun yi minti ashirin a kan wannan tambaya kaɗai. Da muka zo tambayoyin ƙiyasta darajar kamfani na yi tuntuɓe a ɗaya, na ce ban sani ba amma ga yadda zan bi in gano. Bayan mako uku saƙo ya shigo ina tsaye a shago ina auna wa wata mata yadi.

Yanzu ina Legas. Aikin yana da wuya kamar yadda aka faɗa mini, ko fiye. Akwai makon da ban ga rana ta faɗi ba sai ta tagar ofis. Kewar gida takan kama ni, musamman da azumi, in na tuna buɗa-baki a zauren Baba da furar Inna. A wata na biyar na yi kuskuren da Yaya ya faɗa: na ɗauko adadi daga shekarar da ba ita ba, kuma takardar ta riga ta tafi wurin shugabar sashenmu. Ƙarfe sha ɗaya na dare na gano. Hannuna yana rawa na kira ta. Ta yi faɗa, muka gyara kafin safiya.

Matasa daga gida sukan turo mini amsoshinsu in duba. Kusan duka labarin aikin rukuni ne. Nakan kira mutum in tambaye shi abin da ya faru da shi a shekaru biyar da suka wuce, sai in ji wadda ta riƙe ƙannenta huɗu bayan an tashi ƙauyensu a gabashin jihar, ko wanda ya yi noman albasa ya biya kuɗin makarantarsa, ruɓa ta cinye rabin rumbunsa, ya sake dabarar ajiya. Sai su ce, "Yaya, ai wannan ba abin rubutawa ba ne." Ba na matsa wa kowa. Akwai ciwon da bai warke ba, wanda in an taɓa shi a ɗakin intabiyu mutum ba zai iya ci gaba da magana ba, irin wannan nakan ce a bar shi a nemi wani. Akwai kuma sirrin da ba naka kaɗai ba ne, sai ka nemi izinin masu shi, kamar yadda na nema kafin fom ɗin, na kuma sake nema kafin in rubuta wannan, har da maganar filin Inna da ta waɗanda suka manta bashi. Baba ya ce yanzu abin ya yi nisa, in dai babu suna.

Cikin Alhazan nan uku an gama da biyu. Na ukun, dattijon da ya karanto mini ayar, saura dubu 600. Baba ya ƙi yarda in biya shi daga albashina a tashi ɗaya, ya ce daga shago bashin ya fito, daga shago zai koma. Ya sayi sabon littafi mai baƙin bango, yana rubutawa da hannunsa kamar da. Duk daren Juma'a ƙanwata takan ɗauki hoton shafukan makon ta turo mini ta WhatsApp, in zuba su a kwamfuta kafin in kwanta.